Tafin Giwa da Yatsun Biri: Yadda Ake Gane Zurfin Tunanin Ɗalibi

A shekarar 1943 masu haƙar kuza a yankin Jama'a suka tono wani kan mutum na gasasshen yumɓu. Wani akawun ma'aikatar ya ɗauke shi ya kai gonarsa, ya kafa shi a matsayin mutum-mutumi, kan ya shekara guda yana gadin doya. Daga baya manajan wurin ya gan shi, ya kai shi Jos, ya nuna wa Bernard Fagg, wani matashin jami'in mulkin mallaka da ya karanci ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Kambirij. Da Fagg ya dubi kan nan sai ya tuna da wani ƙaramin kan biri, shi ma na yumɓu, wanda aka tsinta a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba tun 1928, aka ajiye a Jos ba tare da wani ya damu da shi ba.

Wannan kan mutum ne, wancan kan biri. Wanda ya tsaya a kallon farko zai ce babu abin da ya haɗa su sai yumɓu. Fagg ya ga hannu iri ɗaya a cikin aikin, ya bi sawun abin zuwa ramukan kuza, ya tarar ma'aikata sun daɗe suna tono irinsu suna zubarwa. Da aka tara su da yawa aka jera, sai alamomin suka fito fili: ido mai kusurwa uku ko mai siffar rabin wata, ƙwayar idon a huje, kafofin hanci a huje, kitso mai tsari. Daga wannan kwatanci ne duniya ta san al'adar Nok. Masu binciken Jami'ar Firankfot ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig, sun ci gaba da irin wannan aiki, suna gwada tsingaron wannan kufai da na wancan, har suka kai asalin mutanen Nok zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Akawun da Fagg duk sun riƙe abu ɗaya a hannu. Abin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ya ajiye kusa da shi a zuciyarsa lokacin da yake kallo. Wannan aikin, ajiye abu biyu gefe da gefe don a ga abin da ba a gani in an dubi guda ɗaya, shi ne malamai ke nema a wurin ɗalibi duk lokacin da suka ce ya kwatanta ko ya bambance. Kusan babu takardar jarrabawar WAEC ko NECO da ba ta ɗauke da irin wannan tambaya, a darasin halittu, a gwamnati, a labarin ƙasa, a adabi. Amma matasa da yawa a Kafanchan, Zonkwa, Kwoi da Kagoro, kamar takwarorinsu na ko'ina, sun ɗauka amsarta ita ce a ja layi a tsakiyar takarda, a zuba abin da aka haddace dama da hagu, a tashi.

Ya kamata ɗalibi ya san yadda malamin kirki ke auna irin wannan amsa, domin wanda ya san ma'aunin zai iya auna kansa tun kafin ya miƙa takarda.

A ɗauki misali daga abin da kowane yaro a ƙasar citta ya sani. Manoman Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a suna da irin citta biyu da suka shahara, tafin giwa da yatsun biri. A ce malamin aikin gona ya rubuta a allo: a kwatanta su. Ɗalibi na farko ya rubuta cewa tafin giwa ta fi kauri, ya ajiye biro. Bai yi ƙarya ba, amma igiya ɗaya ya kama. Na biyu ya cika shafi: tafin giwa rawaya ce, yatsun biri cikinta da duhu, wannan mai kauri, waccan siririya, wannan ta fi cika buhu, waccan ta fi yaji, duka biyun ana shuka su da farkon damina, ana rufe gonar da ciyawa, ana tono su bayan ruwa ya ɗauke. Malami mai gaggawa zai ba wannan yaro maki mai yawa, don takardarsa ta yi baƙi da rubutu. To amma in aka duba da kyau, kowane layi zaman kansa yake yi. Za a iya juya jerin a fara daga ƙasa, ko a cire layi uku, ba abin da zai rushe, domin dama ba a ɗora komai a kan komai ba.

Ɗaliba ta uku ba ta kai shi yawan layi ba. Ta ce tafin giwa ta fi auki, saboda haka manomin da ke sayarwa da buhu zai fi karkata gare ta. Yatsun biri kuwa ba ta kai ta yawa ba, amma yajinta ya fi ƙarfi, don haka mai saye da nufin tatsar mai zai fi neman ta. Sai ta yanke hukunci: ba za a ce wannan ta fi waccan ba sai an san wa za a sayar wa, kuma da me zai biya, da nauyi ko da ƙarfin yaji. A amsarta akwai kalmomin da babu su a ta biyun: saboda, don haka, amma, sai dai in. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne gaɓoɓin tunani, kuma su malami mai lura ke fara nema. Inda suke, an ɗaura bambanci da dalilinsa, an ɗaura dalilin da sakamakonsa.

Sai na huɗu, wanda ba kullum ake samun irinsa a aji ba. Ya faɗi abin da ta ukun ta faɗa, sannan ya lura da wata kama da sauran suka tsallake don ta yi musu sauƙi: duka biyun ba da ƙwaya ake shuka su ba, jikin cittar ake ɓallewa a binne. Ke nan gonar bana ɓangaren jikin gonar bara ce, kuma cutar da ta kama uwa za ta iya bin iri ta shiga sabuwar gona, har ta bi buhu zuwa wani gari. Daga nan ya tuno annobar ruɓar citta da ta cinye gonaki a kudancin Kaduna a daminar 2023, ya tambaya ko ta yi wa iri biyun ɓarna daidai, ya kuma ce doya da rogo da ayaba da dankalin Turawa duk suna cikin wannan haɗari, tun da su ma haka ake yaɗa su. In yaron mai karance-karance ne, zai iya kawo ƙasar Ailan, inda cutar dankali da ta ɓulla a 1845 ta jawo yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, a ƙasar da talakawa suka dogara kusan kacokan a kan dankali. An tambaye shi citta biyu, ya fito da ƙa'idar da ta shafi abinci da yawa.

Waɗannan matakai ba sabon abu ba ne a wurin masana tarbiyya. A 1982 wasu malamai biyu a Ostareliya, John Biggs da Kevin Collis, sun fitar da wani tsari da ake kira SOLO bayan sun nazarci amsoshin ɗalibai a darussa daban-daban. Sun kasa amsa gida biyar: wadda ba ta ma taɓa tambayar ba, mai batu ɗaya, mai batutuwa da yawa a warwatse, wadda ta ɗinke batutuwan suka zama abu guda, da wadda ta haura ta kai ga abin da ba a tambaya ba amma yana da alaƙa. Kyawun tsarin shi ne amsar yake aunawa, ba ya lakafta wa yaro suna. Ɗalibin da ya tsaya a mataki na biyu ranar Litinin yana iya hawa na huɗu ranar Alhamis in aka yi masa tambayar da ta dace. Babban rami kuwa yana tsakanin mataki na uku da na huɗu, kuma a bakinsa masu ƙwazon hadda da yawa ke tsayawa, suna mamakin yadda suka cika takarda amma makinsu bai taka kara ya karya ba.

Ko a jadawalin da aka raba gida biyu akwai doka, kuma masu duba takardun WAEC suna riƙe da ita: abin da ke dama dole ya amsa abin da ke hagu. Wanda ya rubuta cewa jemage yana shayar da 'ya'yansa, ya sa a gefensa cewa tsuntsu yana da baki mai tsini, ya faɗi gaskiya biyu amma bai bambance komai ba, don ya auna ɗaya da haihuwa, ɗaya da siffar baki. Kishiyar shayarwa da haihuwar ɗa ita ce ƙwai da ƙyanƙyasa. Kafin ɗalibi ya rubuta layi, ya fara sanin da wane mudu yake awo a wannan layin.

Wannan magana ta mudu ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa kasuwar Kafanchan. Mace ta tsaya gaban masu acca biyu. Ba ta tambayar farashi kawai. Za ta ɗebi kaɗan a tafin hannu ta murza, ta duba ko da tsakuwa, ta shinshina ta ji ko ta bana ce, ta kalli mudun da idon da ya san wanda aka buge wa gindi, ta tambaya ko da gyara. Mai araha tana iya zama mai tsada in rabin kwano zai tafi a wurin rairaya. Cikin minti biyu matar nan ta zaɓi ma'aunanta, ta san wanda ya fi nauyi a cikinsu, ta yanke hukunci, ta biya. Aikin mataki na huɗu ke nan, ko da ba ta taɓa zama a aji ba. Abin takaici ne a ce ɗanta, wanda ya tsaya a gefenta yana riƙe da jaka, ya shiga ɗakin jarrabawa ya ajiye wannan basira a bakin ƙofa, yana zaton ilimin makaranta wani abu ne dabam da bai haɗa hanya da hankalin gida ba.

Bambanci ma ya fi sauƙin kamawa. Inda ake zamewa sosai shi ne wajen kama, shi ya sa Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ce. Abu biyu suna iya yin kama don jininsu ɗaya, ko don ɗaya ya aro daga ɗaya, ko don hali ɗaya ya matsa musu, ko kuma don dacewa kawai. Jemage da tsuntsu sun yi tarayya a tashi sama, amma jemage ya fi kusa da akuya a dangantaka. Yaron kudancin Kaduna yana da wani ɗakin gwaji na wannan a bakinsa, don sau da yawa yana tashi da harshe uku: na gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji. Wanda ya ji Tyap da Gworok da Fantswam da Sholio ya san sun yi kusa ƙwarai, Jju ma ba ta yi nisa da su ba; wannan kama ta 'yan uwantaka ce. In kuma ya ji kalmar Hausa a tsakiyar zancen kakarsa, wannan aro ne, zaman tare da ciniki suka kawo shi, domin Hausa daga wani gida dabam ta fito, gidan harsunan Cadi, inda take da dangi irin su Angas da Bolanci. Ita kanta Hausar, littafi da alƙalami da lokaci aro ne daga Larabci, amma mutu da ta yi kama da kalmar mutuwa ta Larabci ba aro ba ce, gado ne daga kaka ɗaya mai nisan gaske. Ɗalibin da ya ce harsuna biyu sun yi kama ya faɗi abin da kunne ya ji. Wanda ya tambayi daga ina kamar ta fito ya fara aikin masani.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa wa matasan da ke shirin zama malamai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da masu karatu a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan waɗanda wata rana za su tsinci kansu gaban allo. Takarda ba ta nuna duk abin da ke kan yaro. Akwai wanda tunaninsa ya kai mataki na huɗu da harshen Hyam ko da Hausa, amma Turancinsa bai iya ɗaukar sa ba, sai ya sauko ya rubuta gajerun layuka marasa haɗi don su ne ba zai yi kuskure a cikinsu ba. Akwai kuma mai zaƙin Turanci wanda ya haddace jadawalin littafi, in aka canza masa abu ɗaya a tambayar sai ya tsaya cik. In malami ya dogara da takarda kaɗai, zai danne na farko ya ɗaga na biyu, kuma zalunci ne ko da ba da niyya ba. Maganin ba ya cin kuɗi. A kira yaro, a ce ya bayyana amsarsa da baki, da harshen da ya fi sakewa a ciki. A tambaye shi: cikin bambance-bambancen nan shida, wanne ne in aka cire shi sauran za su zube? A ba shi abu biyu da ba su cikin littafi, kamar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu da hawan sallah a Zariya, a ga ko zai wuce maganar kaya da kiɗa ya kai ga abin da kowane biki ke tunawa da wanda yake tara wa jama'a. Minti biyar na irin wannan hira sun fi jan biro a shafi goma nuna inda yaro ya tsaya.

Shi ma ɗalibi ba sai ya jira malami ba. Bayan ya gama rubutu, ya karanta amsarsa ya tambayi kowane layi: to, sai me? In layin ba shi da amsa, ado ne kawai. Ya duba ko ya faɗi abin da ya sa bambancin ya kasance, don ruwa ba ya tsami banza. Ya duba ko a ƙarshe ya tsaya a wani wuri, ya ce a wannan hali wannan ya fi, a wancan hali wancan. Tsoron yanke hukunci ya hana yara da yawa maki, suna ganin ɗalibi ba shi da bakin cewa wani abu ya fi wani. Yana da shi, muddin ya kawo hujja, kuma ya bar ƙofa a buɗe ga wanda zai kawo wadda ta fi tasa.

Da a ce maganar maki ce kawai, da ba ta kai a tsawaita ta haka ba. Amma kwatancin da ya fi kowanne yawa a bakin mutane shi ne na mu da su, kuma kudancin Kaduna ya san farashinsa. A watan Maris na 1987 saɓani a kan wa'azi tsakanin ɗalibai a kwalejin ilimi da ke Kafanchan ya rikiɗe ya zama wutar da ta kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Dalilan irin waɗannan rikice-rikice suna da yawa, akwai ƙasa, akwai sarauta, akwai siyasa, akwai tsohon ciwo. Amma itacen da ke riƙe wutar a zukatan matasa sau da yawa gurguwar kwatantawa ce: mutum ya ɗauki mafi kyawun abin da addininsa ko ƙabilarsa ke koyarwa, ya auna shi da mafi munin abin da wani daga ɗaya ɓangaren ya aikata. Koyarwa a dama, aika-aika a hagu. Kuskuren shayarwa da baki mai tsini ne ya dawo, sai dai a nan ba maki ake rasawa ba. Yau kuma wayar hannu ta sauƙaƙa shi. Hoto biyu a Facebook ko WhatsApp, gajeren rubutu a ƙasa, an gama shari'a.

Littattafan da mutanen yankin ke girmamawa duk sun yi tir da mai mudu biyu, wanda ke karɓa da babba ya bayar da ƙarami. Suratul Muɗaffifina ta yi magana a kansa, littafin Karin Magana a cikin Littafi Mai Tsarki ma haka. Matashin da ya saba tun a aji ya auna koyarwa da koyarwa, aiki da aiki, asarar wannan gida da asarar wancan, ya kuma saba tambayar me ya jawo, zai yi wuyar ja a hanci. Zai ga bambancin da ke akwai na gaske, ba zai ɓoye shi ba, amma zai ga har da kamar da aka tsallake don ta yi sauƙi, irin ta cittar nan biyu: kasuwa ɗaya, hanya ɗaya mai ramuka, asibiti ɗaya, cuta ɗaya da ta shiga gonar Musa da ta Bulus ba ta tambayi sunan mai ita ba.

Garin Kafanchan kansa darasi ne da ke jiran mai kwatantawa. Kano ta girma a kan ganuwa da kasuwar Kurmi da ayarin fatake cikin ɗaruruwan shekaru. Kafanchan kuwa, a ƙasar Fantswam, ta bunƙasa ne bayan layin dogo daga Fatakwal ya iso, aka fitar da reshe zuwa Jos a 1927, wurin ya zama mahaɗa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka zo daga kudu da arewa suka zauna. Tashar tana nan, kuma akwai tsofaffin da suka ga lokacin da ƙarar jirgi ke gaya wa gari lokaci. Ɗalibin da ya karanta wannan ya nemi ɗaya daga cikinsu a lokacin hutu, ya gaishe shi, ya ce: Baba, a kwatanta mini Kafanchan ta lokacin jirgi da ta yau. Ya tafi da littafi da biro, ya rubuta abin da ya ji, kuma duk inda tsohon ya ce da can ya fi, ya tambaye shi cikin ladabi: ya fi ta wace fuska, ga wa, kuma me ya sa.